Ƙararrawa Uku, Na Saki Keken

Da faɗa muka fara safiyar ranar, ni da Malam, a kan koko. Ya ce ya yi ruwa. Na ce makauniya ce ta dama, in bai masa ba ya miƙe ya dama nasa. Ya yi dariya har ya ƙware. Haka muke tun da muka yi aure: ni ba ido, shi ba ƙafa, cutar shan-inna ta cinye masa ƙafafu tun yana yaro a Borno. Turare yake sayarwa a bakin tasha a nan Azare, ɗakin da muke haya kuma yana bayan tashar.

Kekensa na guragu ne, mai ƙafa uku, da hannu ake murza shi. Ni ban san tafiya da sanda ba. Ƙarfen bayan keken nake kamawa ina turawa, shi yana juya kai. Bayansa ba ƙwari, don haka kullum sai na ɗaure shi a jikin kujerar da tsohon zanena, in ƙulle ta baya tam. A hayaniyar tasha ba a jin magana, shi ya sa ya saka ƙararrawa. Biyu, akwai rami. Uku, in saki. Ɗaya, ga shi nan.

Ukun ta gangaren kwalbati ce, dab da tasha. Can yake son ya sulala shi kaɗai kamar yaro, ya tsaya a gindin darbejiya, ya buga ɗaya, in bi sautin in same shi. Na yi mita har na gaji. Tsoho da kai, wata rana sai ka kife. Ko a jikinsa.

Wayata mai magana ta ce takwas saura kwata lokacin da na ƙulle zanen. Muka fito. Kwandastoci suna kiran Misau, suna kiran Jama'are. Talatu mai ƙosai ta gaishe mu daga bakin kaskonta. Muna kan kwalbati ƙasa ta girgiza. A ƙarfen keken na fara jin abin, cikin tafin hannuna, kafin ya iso kunne. Aka yi tsit. Sai ihun mata. Sai babura da yawa, sai bindiga.

"Kowa ya kwanta! Kwanta!"

Na ji mutane suna zubewa kamar buhuna. Na lalubo ƙullin zanen. Ƙullin ya ƙi. Na sa haƙori, ya ƙi.

"Kai mai keke! Kurma ne kai? Sauko!"

Malam ya ce shi gurgu ne. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya sheƙe da dariya. Muryar matashi ce, wallahi ba zai wuce sa'an ƙanena ba.

"To yau za ka koyi tafiya."

Takun takalmi ya nufo mu. Na ji warin fetur a jikinsa. Na miƙe na riƙe ƙarfen da hannu biyu, na ce a raina duk abin da zai samu Malam ya same mu tare.

Sai Malam ya buga uku.

Ban yi shawara da kowa ba, hannun ne ya buɗe da kansa, yadda ya saba kowace safiya. Talatu, da ke kwance kusa da ni, ta fizgo ƙafata na faɗi a kanta. Keken ya gangara. Na ji sarƙa tana kuka, yana murzawa da duk ƙarfinsa, yana ta kaɗa ƙararrawa ba tsayawa. Takalman suka juya suka bar kanmu. Suna dariya.

"Bar shi ya ɗan yi nisa tukuna!"

Suka bar shi. Ya wuce darbejiya, na san nisanta a kunne. Sannan aka yi harbi. Keken ya kife. Ƙafar gaba ta ci gaba da juyawa ita kaɗai, tana ɗan kukan nan na rashin mai da na yi ta masa magana a kai, har ta tsaya. Na kwanta da bakina cikin yashi ina jiran ɗaya.

Baburan suka yi cikin tasha. Talatu ta cusa min bakin mayafinta a hannu.

"Tashi! Gudu!"

Na ce Malam. Ta ja ni kamar akuya. Muka bi lungu. A daidai layinmu zafi ya bugi fuskata, kwano yana ƙara, na gane ɗakinmu ne yake ci. Na afka cikin kwata har gwiwa, babu wanda ya buga min biyu. Takalmina ɗaya ya maƙale a can. Muka fita bayan gari, cikin gonakin gero da aka girbe, kututturen kara yana yanka ƙafata. Mutane suna wuce mu, wasu suna ture ni. Wani ya ce a jefar da makauniyar nan a ceci rai. Talatu ta zage shi, ta zagi uwarsa, ba ta sake ni ba.

Ana kiran azahar muka shiga wani ƙauye a hanyar Yana. Aka ba mu ruwa a ƙwarya. Na sa wayata ta kira lambarsa. Ta shiga, ta yi ta ringi har ta katse. Na sake. Na yi ta sakewa har caji ya ƙare. A nan na yi kuka, na ce Allah ya isa, kuma har yau ban janye ba.

Da gari ya lafa na dawo, na tarar 'yan tasha sun riga sun binne shi. Sun ce sai da aka sa wuƙa aka yanke zanen. Suka kawo min shi, ƙullin yana nan yadda na yi shi.

Yanzu a gidan ƙanwata nake. Ƙungiyar makafi ta kawo min farar sanda mai naɗewa, ina koyon tafiya da furfura a kaina, ina karo da bango. Keken yana zaure, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Ƙararrawar ba abin da ya same ta, na kuma hana a cire. Wani lokaci 'ya'yan gidan suna wucewa su buga ta sau ɗaya. Na san su ne. Amma sai na miƙe.