Ranar da Kawu Ya Shanya Mini Aikin Shekara Biyu

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta ranar da na iske aikina na shekara biyu baje a kan tabarma, a tsakar gidan kawuna a Gaya.

Lokacin ina aiki a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a Yamai, ina fama da haɗa wani ɗan tsinken gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro, sai dai nawa dafin kububuwa zai gano. A ɗiga jinin wanda maciji ya sara, in furotin ɗin dafin na ciki, sinadarin garkuwar jiki da muka shafa wa tsinken, wanda muke kira antikor, sai ya cafke shi, jan layi ya fito. Kububuwa ce ta kashe mahaifiyata a gonar shinkafa a Tunuga, ana ta gardamar wane maciji ne har jini ya ƙare mata. Shi ya sa na nace.

Antikor ɗin daga waje aka aiko mini, ƴan kwalabe shida cikin ƙanƙara, don zafi kashe shi yake. Isowarsa Malanbil, garin da ke tsallaken kogi daga Gaya, ke da wuya sojoji suka karɓi mulki a ƙasarmu, aka rufe gadar iyaka. Kawu, yayan mahaifiyata, mai sana'ar kifi, ya ce zai ƙetaro da shi a kwalekwale. Na ce masa ta waya, "Kawu, don Allah kar ya lalace." Kalmar sanyi ba ta fito daga bakina ba. Da wautata na ɗauka kowa ya sani.

Na taso daga Yamai, da azahar na shiga gidan, ya tarbe ni yana murmushi.

"Ɗiyata, ƙanƙarar duk ta narke, na iske kayan jiƙe sharkaf. Tun hantsi na shanya miki su, har juya su nike."

Na taɓa kwalba ɗaya, zafi rau. Na zauna a ƙasa. Faɗa ma na kasa yi, don a sana'arsa laima ce ke ɓata kaya, rana ke ceto.

Na koma Yamai na gwada duk da haka. Na ɗiga dafi, na zura wa tsinken ido har awa guda, layi bai fito ba. Waɗanda suka aiko kuwa sun yanke hulɗa da ƙasarmu, wani antikor bai sake zuwa ba. Na yi kuka kamar ranar rasuwar mahaifiyata.

Har yau ban gaya wa kawu gaskiya ba. Duk damina sai ya tambaye ni yaushe tsinken ƙanwarsa zai fito, in ce saura kaɗan. Abin da na koya shi ne, in ka damƙa wa mutum amana, ka gaya masa abin da ke kashe ta da baki, don shi da abin da ya sani zai kula maka da ita.