Kwazazzabon Bayan Maƙabarta

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ranar da ruwan farko ya sauka a kan kwazazzabon garinmu, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara ina Sakkwato, ƙaramin ma'aikaci a gandun daji, aikina rainon itatuwan dashe. Aka ce kowa ya koma jiharsa, ni aka turo ni Ƙaura. Na ji daɗi ƙwarai, don garinmu yana ƙasar Zurmi, gaba da Moriki kaɗan, duk ƙarshen mako sai in hau babur in je gida.

A bayan garin akwai maƙabarta, a bayan maƙabartar kuma akwai kwazazzabo. Muna yara tsallake shi muke yi da gudu. Kafin in dawo ya zama ramin da raƙumi zai shiga ba a hango tozonsa ba. Duk damina sai ya ɓantari ƙasa ya matso. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, abin da ya rage tsakaninsa da kaburburan gefe bai wuce a shimfiɗa tabarma ba. A layin nan mahaifiyata take kwance. Ta rasu ina Sakkwato, ko jana'izarta ban samu ba.

Wata Juma'a da aka sallame, Liman ya tsayar da jama'a. Ƙanen mahaifina ne, Baffa nake ce masa. Ya ce, "Jama'a, kwazazzabon ga ya iso ga mamatanmu. Ko dai mu yi 'yar katanga gehensu mu gani, ko mu tone na gehe mu maishe su ciki kahin ruwa. Addini ya yarda in lalura ta kama."

Ni ne babban ɗa namiji, in za a tone Inna ni zan shiga ramin. To ni kuma tun ina yaro bakina yakan riga hankalina tashi. Sai kawai na ji muryata tana cewa, "Baffa, ba a tone kowa, kuma ba katanga za mu yi ba. Kwazazzabon ga dut za mu kashe, tun daga inda yat taso hab bakin gulbi, kahin ruwa shi sauka."

Aka bushe da dariya a ƙofar masallaci. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Ɗan ga, gwamnati da katafila ba ta hwaɗi hakanan ba, sai kai da shebur? To sannu Injiniya!" Tun daga ranar sunan ya bi ni. Da na shiga gida, ashe labari ya riga ni. Maiɗakina ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba ta ce, "Malam, dangar bayan gida tun bara tana kwance, ita ba ka tashe ta ba sai kwazazzabo?"

Washegari na ce bari in ga girman abin da na ɗauko wa kaina. Tunda na ce duka zan kashe shi, dole in san inda ya faro. Na bi shi da ƙafa daga bakin gulbi, na wuce maƙabarta, na yi ta hawa cikin gonaki har ƙafafuna suka yi nauyi. Kowace kwana na sha sai in ga da sauran tafiya. Can kan tudu na iske kansa, inda burtalin shanu ya haɗu da hanyoyin gona, ruwan jeji duk yake taruwa ya gangaro. Abin mamaki, a wurin zurfinsa bai kai gwiwa ba. Na daɗe a tsaye ina kallon ɗan wannan rami da yake neman tone mini uwa.

A nan muka fara. Mukan kafa turaku a gicciye, mu jera duwatsu da buhunan yashi, mu dasa kashe-kwari da gamba a bayansu, sannan mu gangara gaba mu sake wani datsin. Da can makaɗi ne yake tara gayya, amma a shekarar ya jingine gangarsa saboda Shari'a, sai Baffa ya riƙa yin shela a masallaci. Gayyar farko ta cika maƙil. Fulanin rugar da ke kusa suka kawo amalanke, don su ma ramin ya fara yanke musu burtali. Mata suka aiko da fura ƙwarya-ƙwarya. Na riƙa zagayawa ina ba da umarni kamar da gaske Injiniyan ne.

Ba a je ko'ina ba aka fara guna-guni. Mamata suna can ƙasa, mu muna nan cikin jeji muna jera duwatsu. Ga zafin bazara, ga sharar gona ta kama. Mutane suka yi ta zamewa har muka koma 'yan tsiraru. Cikin waɗanda suka rage kuwa har da dattijon nan mai goro. Kullum sai ya koro jakinsa da mangala cike da duwatsu, yana saukewa yana cewa, "Ni hwa kallo niz zaka, Injiniya. So nika in ga ƙarshen haukan ga."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mu ko rabin kwazazzabon ba mu kai ba. Ko kusa da maƙabarta ba mu zo ba. Rannan Baffa ya kira ni zaurensa bayan azahar. Ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma aikin ya hi ƙarhinka. Na sa an share wuri, an tanadi likkahwani. Mu maishe su tun da sauran hali."

Na durƙusa na roƙe shi ya bari a ga ruwan farko. Ya ci gaba da jan carbinsa. Daga baya ya ce, "Na bari. Amma ka sani, in ruwa yat tahi da su, ni da kai za a tambaya gobe ƙiyama." Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Na fito na kasa cin abinci. Dā tsoron tone ta nake yi, yanzu kuma na koma tsoron ruwa ya kwashe ta, kuma da bakina na jawo.

Ranar da ruwan ya zo ina kan hanya daga Ƙaura. Bayan la'asar ya kece, na fake a wata rumfa a Moriki. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Mutane a rumfar suna ta hamdala, manoma suna washe baki, ni kaɗai nake roƙon Allah ya tsagaita. Na kasa zama. Na fito cikin ruwan, babur ya mutu a taɓo, na jingine shi a wani gida na ƙarasa da ƙafa.

Ban bi ta gida ba. Tun daga nesa na hango mutane tsaitsaye a maƙabarta, Baffa a gaba, rigarsa ta manne a jiki. Na ce shi ke nan, ta faru. Na tsaya a bakin shinge na kasa ɗaga ƙafa. Mai goro ne ya hango ni ya ƙwala kira, "Injiniya! Taho ka gani da idonka!"

Na ƙarasa, na leƙa. Ruwa yana wucewa can ƙasan ramin, ja wur, amma a hankali, ba irin mahaukacin da muka sani ba mai dukan gaɓa yana zubar da ita. Gaɓar tana nan yadda na bar ta. Kabarin Inna ya jiƙe ya kwanta luf, ko tsagewa bai yi ba. Na zauna daɓas cikin taɓo na fashe da kuka, gemai-gemai da ni a gaban jama'a, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Da safe muka hau tudu ni da Baffa. Datse-datsen da muka yi daga ƙarshe duk ruwa ya ɓalle su, buhuna sun watse ko'ina. Amma na sama sun riƙe. Yashi ya taru a bayansu, ruwan ya rabu ya malala cikin fadama, abin da ya gangara bai taka kara ya karya ba. Baffa ya dafa kafaɗata ya ce, "Da katanga munka yi can ƙasa, da ruwan ya iske ta da ƙarhinai dut ya ci gindinta. Ba ka kashe shi ba, ɗana, amma ka rage mai ƙarhi."

Har yau kwazazzabon yana nan, bai taɓa kaiwa ga rufewa ba, kuma duk rani sai an koma an gyara datsin. Akwai masu tuna mini cewa na cika baki a ƙofar masallaci ban cika aiki ba, ni kuwa ba na musu, gaskiyarsu ce. Amma na koyi abu ɗaya. Da ƙaramin buri na ɗauka, da a gefen kabari zan tsaya, ba abin da zai kai ni kan tudu in ga inda ɓarnar take tasowa. Babban burin ne ya ja ni can. Shi ya sa in na ji wani ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa ba na yi masa dariya, don ko bai kai ba zai tsaya a inda mai ƙaramin buri bai taɓa takawa ba. Ni dai na yi alkawarin da ban iya cikawa ba, amma Inna tana nan kwance inda aka sa ta, ba wanda ya taɓa ta.