Wa Ya Nuna Maka Dajin?

Ɗana na fari ya zo mana hutu daga arewacin Turai, inda yake karatu, a lokacin da zafin Jidda ya kai maƙura. Na dawo daga asibitin da nake aikin jinya, na tarar ya baje tsaraba a falonmu na unguwar Sharafiyya. Cikin kayan akwai kwalba biyu cike da wani abu baƙi-baƙi mai kauri.

"Ummi, 'ya'yan itacen daji ne. Da hannuna na tsinko su, aka dafa da sukari."

Ban kalli abin da ke ciki ba, murfin na kalla. An lulluɓe shi da ƙyalle mai furanni, an ɗaure da zare tsaf. Yaron da ko bakin leda bai iya ƙullewa ba! Na zauna.

Babansa ya aika aka sayo gurasar tamis, ya hau shafawa yana ci yana santi. Shi kuwa yaron baki ya buɗe. Wai dajin dogayen itatuwa ne, a ƙarƙashinsu 'yan tsirrai iya ƙwauri, 'ya'yansu shuɗaye kamar ɗinya amma ba su kai gujiya ba. Wai wuni ake yi a duƙe da bokiti, sauro na cizo, harshe da yatsu su rine. Kowa na da damar shiga ya tsinka, ba mai tambayarsa.

"Bas, ya Ummi, wurin da suka fi yawa ɓoye shi ake yi," in ji shi yana dariya, yana sirkawa da Larabcin Jidda. "Ko abokin aiki ba a faɗa wa. Sai ɗan gida, halas, shi ke nan."

Ni a ƙauye na tashi. Na ci kanya, na ci tsada da magarya har haƙorana suka mutu, kuma na san ba yaron da ke kai ɗan itacen jeji baki sai wani babba ya fara nuna masa. Wannan kuwa tsakanin bene da kwalta ya girma. Ranar da muka kai shi kan duwatsun Ɗa'ifa, ƙin fitowa ya yi daga mota saboda birai. Yau shi ne gwanin jeji?

Tsorona ba na guba ba ne. Mu a nan baƙi ne, ranar da kwantiragi ya ƙare iƙama, wato takardar zama, ta ƙare. Shi ya sa muka yi gini a Katsina, muka ware masa sashe guda, ni na zaɓi fentin da kaina. Abin da nake tsoro shi ne mu koma gida shi bai biyo mu ba.

"Wa ya nuna maka dajin?" na tambaye shi.

"Hajiya, ki bar yaro ya huta mana," in ji babansa, baki cike.

"Tambaya kawai na yi."

Yaron ya sosa ƙeya. "Wata 'yar ajinmu ce."

"Ita ta san wurin?"

"La', ba ita ba, mahaifiyarta ce ta kai mu. Wurinsu ne tun kakanni. Ita ce ma ta dafa, ta ce a kawo miki."

Yana rufe baki ya tuna abin da ya faɗa ɗazu, na ga kunyar ta sauko masa har wuya. Babansa ya ajiye gurasar a hankali.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na so a ce abin ɗaci ne da shi, in samu abin faɗa. Na jawo kwalbar, na lakata da yatsa, na kai baki. Daɗi ne da shi ƙwarai. Wata mata da ban taɓa gani ba ta riga ta lissafa ɗana cikin 'yan gidanta, ni kuma sai a kwalba na samu labari.