Ƙayar Kifin Kaka

Har yau in na ji ƙanshin kanumfari sai hannuna ya tafi kumatuna na hagu, ko da babu abin da ke mini ciwo. Da shi Umma, mahaifiyata, take toshe mini kogon haƙori, ina kuka tana lallashi.

A Gyadi-Gyadi aka haife ni, a gidan Kaka, uwar Baba. Miyarta ɗaya ce kamar rantsuwa: kuka, da 'yan ƙananan busassun kifi da take dakawa har kai har ƙaya. Ba don wani sani take yi ba, don miyar ta ishe mu ne. Da rana kwaɗon zogale, in mai nono ta biyo a dama mana fura da kindirmo, sannan a kora mu tsakar gida mu yi ta shan rana. A nan na fara famfara, haƙorina na farko ya fita. Kaka ta ce, "Dunƙule shi a hannu ki jefa kan rufi. In ƙadangare ya gani, wani ba zai fito ba, kuma ba a ba mutum na uku." Na ɓoye shi da gaske, don ina tsoron wawulo.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, aka ƙara wa Baba albashi, muka koma Tarauni, gida mai get. Abin nema ya samu. Umma ta ce 'ya'yanta sun gama cin abincin wahala. Shayi ya zo da sukari har cokali ya kusa tsayawa, ga burodi, ga lemon kwalba, ga alawa a aljihun Baba kullum. Kifi kuwa sai ta zauna ta tsince ƙayar tas kada ta maƙale mana. Rana ma aka raba mu da ita, wai za mu yi baƙi. Duk ƙauna ce, shi ya sa ban san wanda zan yi wa fushi ba.

Sababbin haƙoran ba su jima ba suka fara rami. Kaka ta zo ta leƙa bakina ta ce tsutsa ce. Umma ta ce gado ne. Ni dai na gaji da tauna ta gefe guda.

Sai da na girma, ranar da za a cire mini wani turmin haƙori, likita ta ce sukari ne ke ciyar da ƙwayoyin cutar, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Haƙori na son kalsiyam na nono da ganye da ƙayar kifi, kuma jiki ba ya amfana da shi sosai sai da bitamin ɗin da rana ke bayarwa. Sai na tuna Umma a kan tabarma tana tsince ƙaya. Kaka kuwa har ta rasu da haƙoranta take fasa ƙuli-ƙuli.

Jiya 'yata ta yi famfara. Na daka kifi har kai har ƙaya, na kaɗa kuka. Ta shinshina, ta ture kwanon, ta ce ita taliya take so da lemo. Na yi ta lallashi har na gaji. Sai na buɗe baki na nuna mata giɓin da ban taɓa bari ta gani ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta jawo kwanon a hankali.