Gangar da Ta Riƙe Malam Mahadi

Malam Mahadi ɗan makaɗan noma ne. Ya yi karatun malanta don ya rabu da ganga, aka tura shi wata firamare a bayan Kekun Waje, matarsa Sa'adiya tana Tudun Wada, Gusau, tana aikin asibiti. Nufinsa ya ɗan taɓa aiki ya nemi canjin wurin aiki, ya koma kusa da ita.

Damina ta farko ajinsa mai yara sittin da biyu ya koma goma sha ɗaya, sauran suna gona. Sai ya ɗauko gangar marigayi mahaifinsa. Da ita ya koyar da lissafin sau: bugu uku, a ja numfashi, bugu uku, nawa ke nan? Da ita ya raba kalmomin Turanci gaɓa-gaɓa. Kiran suna ma da ita yake yi, don kowane gidan manoma a wajen yana da takensa, kuma duk ya haddace su tun yana bin mahaifinsa gayya. Gonakin na jikin makaranta. Ba manomin da zai so ya ji an kaɗa taken gidansu a aji a yi tsit, maƙwabta na saurare. Kafin a yi maimai a gona, aji ya cika har taga.

Da ya kai maganar canji, hedimasta Labbo ya ce, "Ka samo mai kaɗa min take arba'in, gobe in sallame ka."

Mahadi bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya kama Malam Yazid, malamin aji huɗu, ya yi ta koya masa har hannunsa ya faɗa. Ranar gwaji Yazid ya rataya ganga ya kaɗa taken gidan Baba Dogo. Jikar Dogo tana zaune a gaba, ba ta motsa ba. Can sai ga tsohon ya tsallako kunya da fartanya a kafaɗa.

"Wa ke wasa da sunan ubana?"

"Baba, takenku ne," in ji Mahadi. "Ko bugu ɗaya bai ɓata ba."

"Awo, bai ɓata ba. Amma shi wanga ɗan gidan wa? Kakanka ya kaɗa ma kakana. In kai ka gaji, faɗa min, in kai ɗiyan gona, ga ciyawa na jira."

Yazid ya cire gangar ya miƙa, har da ajiyar zuciya.

Da yamma Sa'adiya ta bugo waya. "Malam, in share maka ɗaki ko in bar kayan ɗinkin a ciki?"

Ya daɗe yana kallon benci-bencin ajin ta taga.

"Bar su tukuna," ya ce.

Washegari ya rataya ganga ya fara da gidan Dogo. Yarinyar ta miƙe ta amsa, daga cikin dawa kuma aka ji tsohon yana kirari.