Mutum-mutumin Kwali a Harra ta Yamma

Tun ina ƙarami nake in'ina. A Larabci ta fi kama ni, musamman idan kalma ta fara da ba ko mim, sai leɓɓana su manne kamar an ɗinke su. A gida da Hausa da ɗan sauƙi, don Inna ba ta taɓa hanzarta ni ba. Amma Hausar tawa ba ta da yawa, irin tamu ce ta 'ya'yan da aka haifa a Madina, a yi mana magana da ita mu amsa da Larabci.

Ina aji ɗaya a mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, Baba ya sa ni a markaz na hutun zafi da ake yi wa samari a wata makaranta kusa da unguwarmu, Harra ta Yamma. Ana ƙwallo, ana hadda, ana koyon rubutun hannu. Da hutu ya kusa ƙarewa sai ustazun da ke kula da mu ya sanar da gasa: kowa zai yi shigar wani, ya hau dandamali shi kaɗai ya nuna ko wane ne shi a gaban iyaye maza. Ban san abin da ya ɗaga hannuna ba. Ina ganin don na ji an ce shiga ne, na ɗauka idan na rufe fuska shi ke nan.

A lokacin babu abin da muke so kamar katun ɗin da ake nunawa a talabijin bayan la'asar, na wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe mai kare gari daga mahara. Shi na zaɓa. Yayata, wadda ta girme ni sosai kuma take ɗinki a gida, ta ce za ta taimaka. Muka roƙi kwalin firji a wajen mai shagon kayan lantarki na bakin titi, muka ja shi har saman bene. Ita ta auna ƙirjina da igiyar awonta, ta yanka, ta huda wurin hannuwa. Muka lulluɓe shi da gasdir, takardar nan mai ƙyalli da ake rufe abinci da ita, har Inna ta fara ɓoye nata a ƙarƙashin gado. Kan kuwa da gwangwanin madara babba muka yi shi, da ƙaho biyu na mazurari.

Maganar da zan yi ce ta hana ni sukuni, sai na yi dabara. Akwai wani malami ɗan Zariya da ke karatu a jami'a, yana haya a ƙasan gidanmu da iyalinsa. Larabcinsa na littafi ne, muryarsa kuma mai kauri. Na roƙe shi ya karanta mini jawabin a kaset, ni kuma in riƙa motsa hannu. Ya yi dariya ya ce shi da ya zo neman hadisi ga shi an mai da shi ƙarfe, amma ya karanta, har da gyara mini nahawu. Na yi kwanaki ina bin kaset ɗin a saman bene, ina daidaita inda zan ɗaga hannu da inda zan juya.

Saura kamar mako guda ustaz ya ce kowa ya zo ya nuna abin da ya shirya. Na kunna rikoda, na fara. Bai bari na kai rabi ba ya danna ta ta tsaya. Ya ce shigar ta yi kyau, amma sharaɗin gasa shi ne kowa da muryarsa. Na so in yi masa bayani, kalmar farko ta ƙi fita. Ya jira, yara suka jira, wani ya kwaikwayi sautin da nake yi. Ustaz ya tsawata masa, sannan ya dafa kafaɗar kwalin ya ce in je in yi ta maimaitawa, Allah zai sauƙaƙa.

Daga ranar abinci ya daina shiga. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, na yi tunanin in bar kwalin a waje awaki su cinye. Abin da ya hana ni shi ne Baba ya riga ya faɗa wa abokansa na masallaci, har ya nemi a canja masa lokacin aiki don ya zo.

Wata la'asar ina saman bene da kan gwangwani a kaina, Yaya tana gefe tana ɗinke mini safar hannu. Na gwada jimlar farko ta ƙi, na sake ta ƙi. Haushi ya kama ni, na fara buga ƙafa a ƙasa ina magana da irin muryar ƙananan injinan da ke cikin katun, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da bugu ɗaya. Ba jawabin nake yi ba ma, cewa nake ba zan iya ba, ba zan je ba.

Yaya ta ajiye allura. "Sake faɗa," in ji ta.

Na sake, ya fita sumul.

"To yanzu ka yi jawabin haka nan. Kada ka daina buga ƙafar."

Na yi shi daga farko har ƙarshe, sau ɗaya kawai na tsaya. Ban yi murna ba, tsoro ne ya ƙaru, don yanzu ba ni da hujjar fasawa. Muka rage jawabin, malamin nan ɗan Zariya ya canja mana kalmomin da suka fara da ba, in ban da guda ɗaya da ya ce babu madadinta.

Ranar gasa Baba ya ɗora kwalin a bayan wanet ɗinsa, wato motarsa a-kori-kura, ni ina riƙe da shi kada iska ta ɗauke. A bayan labule na tarar da mai shigar likita, da mai shigar baƙauye da sandarsa, da wani da ya manna gemun auduga. Babu mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a wurin, fanka ɗaya ce. Tun kafin a kira ni zufa ta jiƙa kwalin daga ciki, ina jin yana laushi a hammatana. Ta 'yar tsagar idon ba na ganin komai sai abin da ke gabana kai tsaye.

Da na hau, na buga ƙafa, sai katakon dandamalin ya yi wata ƙara da ban taɓa ji a saman bene ba. Zauren ya yi tsit. Na fara, gaɓa-gaɓa. Na wuce rabi lafiya, sai na iso kalmar nan. Leɓɓana suka manne. Na ci gaba da buga ƙafa babu sauti, ina bugawa ina bugawa. Wani ƙaramin yaro a layin gaba ya ce da ƙarfi, da Larabci, batir ɗinsa ya ƙare. Mutane suka fashe da dariya, kuma a cikin dariyar kalmar ta fita. Na ƙarasa sauran da sauri, na sauko hannu ɗaya na kwalin yana reto.

Ban ci gasar ba, mai gemun auduga ne ya ci. An ba kowannenmu jakar makaranta. A hanyar gida Baba ya tsaya ya saya mana tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, abin da ba ya yi sai da safe. In'inar kuwa tana nan, har yau takan ziyarce ni.

Washegari na tashi diddigena na dama ya kumbura, ba na iya taka shi. Inna ta kawo ruwan zafi da gishiri a roba ta sa ƙafar a ciki. Tana matsawa ta ce ita da Yaya ba su samu zuwa ba, don haka in faɗa musu duk abin da ƙarfen ya ce, amma da Hausa. Na fara, ina neman kalmomi, Yaya tana cike mini waɗanda ban sani ba, har ruwan ya huce aka ƙaro wani.