Lambar da ke bangon Baba

Baba bai taɓa yarda da sifili ba. Lissafi nake koyarwa a Makarfi, na shawo kan yara masu taurin kai bila adadin, amma tsohon nan ya gagare ni.

A daminar da ciwon Inna ya yi tsanani na je gida Saulawa. Baba ba ya riƙe waya, ta maƙwabta yake ara. Lambobin mutane kuwa a bangon zaure yake rubuta su da gawayi, da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da ya yi. Na ba shi tawa a takarda, na ce in jikinta ya canza a kira ni nan take.

Ya duba takardar ya ce, "Waɗannan ƙwayayen kuma na mene ne?"

Na gyara zama, abin malami. Na ce masa mutanen da can gurbi kawai suke bari inda babu komai, ana ta rikicewa, har masana a Indiya suka fara ɗiga ɗigo a wurin, daga baya ya zama da'ira, suka kuma mai da shi lamba kamar sauran.

"To su Indiyawan ba su da gona ne? Abin da babu, a zauna ana zana shi?"

"Baba, don Allah ka kwafe yadda yake."

"Na ji, Malam."

Malam yake ce mini in ya gaji da surutuna. Raina ya ɓaci, na hau acaɓa na tafi.

Ran wata Laraba da la'asar ina fitowa daga makaranta, wani direban garinmu ya tare ni a tasha yana mini gaisuwa. Da hantsi Inna ta rasu, kafin azahar an kai ta. An yi ta kirana, waya ba ta shiga.

Da na iso, bangon na fara dubawa. Ga lambata da hannun Baba, tsaf, ya tsame sifilan duka, na gaba da na tsakiya. Baƙin ciki da haushi suka haɗe mini, na rasa da wa zan yi faɗa. Na tsinci gawayi zan gyara.

Baba yana zaune cikin masu zaman makoki. Ya ɗago ya ce, "Bar shi haka nan. Me kuma zan kira ka in gaya maka?"